Kason Zalika a Littafin Liman

Wa ya aike ki yi mini wagga tambaya, Lauratu? Wai mi na sani ga littafi, tunda ban taɓa shiga lakwal, makarantar boko, ba? Ke da kinka shiga, jiya-jiya kin bar tuwo ya kama ƙasa kina riƙe da takarda. Zauna nan. Ku ma ku matso, sau ɗaya zan faɗi, ba ni maimaitawa.

Akwai wani dillalin littattafai a Birnin Konni, ana ce mishi Barmo. Ba sabbin littattafai na ɗab'i yake saidawa ba. Tsofaffi yake bi, waɗanda anka rubuta da hannu tun zamanin kakanni. In ya ji malami ya rasu a wani ƙauye, kafin a yi sadakar arba'in ya iso bisa kekensa, da gaisuwa a baki da ido a kan bango. Ya saya da araha, ya kai rumfarsa, manyan mutane daga Sakkwato da Yamai su zo su ɗauka da tsada. Mutum ne mai ji da kansa. In yana magana da talaka, rawaninsa yake gyarawa.

To, a Badagishiri akwai Liman Sanusi. Yana da littafi guda wanda kakansa ya rubuta da hannunsa, amsoshin tambayoyin da mutanen ƙasar Adar ke kawo mishi kan gona da rijiya da gado. Babu irinsa ko'ina, shi kaɗai ne. Kuma ku sani, littattafan nan na da, ba a ɗinke su kamar naku. Warƙa-warƙa ne, ɗaya bisa ɗaya, a ɗaure da igiya a sa cikin gafaka.

Liman ya rasu ya bar ɗiya uku. Lurwanu yana tuƙin babbar motar siminti a Malbaza, Rabilu yana lodin buhuna a can, sai ƙanwarsu Zalika da ke aure cikin gari. Malamai sunka zo sunka raba gona da bisashe yadda ya kamata, sunka tahi. Gafakar nan tana rataye a ƙuryar ɗaki, ba wanda ya tuna da ita.

Da mazan sunka gan ta, Lurwanu ya ce, "Wannan ba sai an kira kowa ba. Namiji biyu, mace ɗaya, ai mun ji yadda anka yi."

Rabilu ya ce, "Amma kada ka kwashe na sama ka bar mini na ƙasa. Na sama sun fi jan ado."

Sai sunka zauna kan tabarma kamar masu rabon goro. Biyu naka, biyu nawa, ɗaya nata. Biyu naka, biyu nawa, ɗaya nata. Haka har warƙa ɗari uku ta ƙare. Su a ganinsu adalci sunka yi.

Zalika ta shigo da ruwa ta iske an gama. Ta dubi tuli ukun nan, ta dubi yayyenta, ta ce, "Yaya, abin da kunka yi ko akuya ba a yi mata shi da rai." Ta naɗe warƙarta sittin cikin zane mai tsabta, ta ɗauki gafakar da ba kowa a ciki, ta koma gidanta.

Ba a yi wata ba mazan sunka bi ta Konni da motarsu, kowa ya kai wa Barmo nashi. Barmo ya ga tsohuwar takarda da tawada mai kyau, ya biya, ya aika wa wani tsohon malami a Sakkwato, Alhaji Iliyasu, wanda ya yi shekara ashirin yana cigiyar wanga littafi. Ya ce mishi an samu, ya shirya kuɗi.

Sai da ya zauna haɗa tulin biyu ya ga ba su haɗuwa. Bayan kowace warƙa huɗu, magana ta yanke. Ya tare Lurwanu a tasha, Lurwanu ya ce, "A'a, ai akwai kason mace."

Shekarar nan ita ce ta babban fari. Hatsi bai yi ba, shanu suna faɗuwa bakin hanya. Mijin Zalika ya tahi kudu neman abin kai, ya bar ta da yara uku. Anza suke ci, wadda sai an jiƙa ta kwana da kwanaki kafin ɗacinta ya fita.

Barmo ya san da haka. Ya zo da buhun hatsi biyu a bayan amalanke, ya sa anka sauke su daidai ƙofarta don yaran su gani.

Ya ce, "Ɗiyar Liman, na zo in rage miki kaya. Takardun nan ba su da amfani gare ki. Ko alif ba ki ganewa."

Ta ce, "Gaskiya ne, Malam, ban ganewa."

"To ga hatsi. Ba ni su."

"Kai da kake ganewa, naka huɗun sun yi maka amfani?"

Ya gyara rawani. Ya ce, "Baiwar Allah, dubi wuyan ɗiyanki."

Ta ce, "Kullum ina dubinsa, ba sai baƙo ya nuna mini ba. Littafin ubana bai fita garin nan da hannuna. In kana son ya cika, kawo naka nan."

Ya yi dariya har mai amalanke ya taya shi. Ya sa anka maida buhunan, ya ce, "Yunwa za ta kawo ki Konni da ƙafarki. Ranar nan buhu ɗaya zan ba ki."

Kada ku yi zaton abin ya zo mata da sauƙi. Ta shiga ɗaki ta yi kukanta, ƙaramin yana tambayarta ina anka kai hatsin. Da safe ta ɗauki guga ta gangara fadama. Ta roƙi wani dattijo ɗan gefen lambunsa, ta dasa albasa da yakuwa. Rijiyar ta yi nisa ƙwarai a shekarar, tana jan ruwa har tafin hannunta ya tsage. Ta saida 'yan kunnenta, ta saida tasoshin aurenta. Zanen nan da ke ɗaure da takardu bai motsa daga inda yake ba.

Wata huɗu Barmo yana zaune a rumfa yana duban hanyar Tawa, wadda ta biyo ta Badagishiri. Zalika ba ta zo ba. Wanda ya zo shi ne Alhaji Iliyasu, ya gaji da jira, ya hau mota da kansa, tsoho da sanda da tabarau mai kauri. Barmo ya faɗi mishi gaskiya. Tsohon ya ce, "To mu tahi wurinta."

A zauren marigayi Liman anka shimfiɗa tabarmi. Mutanen unguwa sunka cika ƙofa. Barmo ya kwance kayansa, Zalika ta kawo nata ta zauna daga gefe.

Alhaji ya ɗauki warƙa ɗaya, ya kai ta kusa da ido, ya juya ta.

Ya ce, "Barmo, wa ya yanke gindinsu?"

Barmo ya ce, "Ni ne, Allah gafarta Malam. Bakin ya zazzage, ya yi muni. Na sa aska na daidaita, masu saye sun fi son abu tsaf."

Ku ji abin da ya yi. A zamanin da, marubuta ba su sa lamba ga warƙa. A can gindin kowace ɗaya suke ajiye kalma guda, wadda ita ce za ta buɗe ta gaba, da ita ake sanin wace ke bin wace. Barmo ya aske su duka. Ga shi kuma wajen ƙoƙarin haɗa tulin biyu ya cakuɗa su, ta farko ta koma tsakiya, ta tsakiya ta koma ƙarshe.

Alhaji ya cire tabarau ya shafa fuska. Ya ce, "Da idon nan nawa, in zan jera su da karatu, sai na yi shekara biyu. Ban san ko ina da su ba."

Sai Zalika ta ce mishi, "Baba, in na jera shi, zai zauna a garin nan?"

Barmo ya ce, "Ke? Alhaji, wagga ko sunanta ba ta iya..."

Tsohon ya ɗaga mishi hannu. Ya ce, "Ɗiyata, da mi za ki jera shi?"

Ta ce, "Tun ina da shekara tara ni ke shanya wa ubana shi duk bayan damina, don kada sanyi da gara su ci shi. Ni ke kwashewa in maida. In na saɓa ko ɗaya, ranar ba ni da sakewa. Ku dubi nan." Ta nuna kusurwar sama. "Shekarar da ɗaki ya yi yoyo, ruwa ya shiga ta nan. A warƙar farko tabon ya kai tafin hannu, yana raguwa kaɗan-kaɗan, har ya koma kamar ƙwayar wake a tsakiyar littafi. Daga inda ya ƙare kuma akwai ƙwaron da ya huda daga ƙasa. Bai tahi miƙe ba, ya karkata. In ka ɗaga biyu ga rana, hudar ta hau kan huda, to maƙwabta ne."

Alhaji ya ce, "In kin jera shi, ya zauna. Ni zan biya Barmo, littafi ya zama naki. Abin da nake roƙo, ki bar ni in kwafe shi."

Ta ce, "Wannan ba komi. Ubana ma yana bari a kwafa."

Ta sa anka fitar da tabarmi tsakar gida inda haske yake, anka danne gefuna da duwatsu saboda iska. Ta fara da masu tabo, tana aza ɗaya bisa ɗaya tana gwada girman. Duk bayan huɗu sai ta miƙa hannu cikin zanenta ta zaro tata ta saka. Ba ta yi gaggawa ba. In rana ta yi sanyi ta tattara, ta tahi ta ba albasarta ruwa. Kwana uku tana wanga aiki, mata suna leƙe ta katanga, Barmo yana zaune kan turmi ba mai ce mishi sannu.

Rana ta uku bayan azahar ta daidaita tulin, ta kai gaban tsohon, ta ce, "Baba, gwada."

Ya buɗe daga tsakiya, inda ya ga dama. Ya karanta ƙarshen warƙa da ƙarfi, ya juya, magana ta ci gaba. Ya sake buɗe wani wuri, haka. Ya yi ta gwadawa har la'asar. Wuri biyu kaɗai ya musanya, inda tabon ya yi kusan daidai. Wani tsoho daga cikin almajiran marigayi ya ji ana karanta maganar rabon ruwan rijiya yadda Liman ke karanta musu, ya rufe fuska da hannun riga.

Alhaji Iliyasu ya ce, "Jama'a, ku shaida. Mu biyu masu karatu muna nan zaune, ɗaya ya ɓata, ɗaya ya kasa. Wagga ta gyara."

Ya biya Barmo abin da ya ba mazan nan, bai ƙara mishi ko dala ba, ya ce ribar ta tahi da askar. Shi kuwa Alhaji ya zauna zauren wata biyar yana kwafa. Ya aika anka kawo hatsi daga Sakkwato. Zalika ta ce ta karɓa a matsayin ladan girkin da take yi mishi, ba kuɗin littafi ba, kuma ta sa anka faɗi haka a gaban mutane.

Ranar da Barmo zai koma Konni, ya tsaya bakin tabarma yana kallon littafin a cike, karo na farko. Ya duƙa, ya miƙa hannu zai ɗaga warƙar sama.

Zalika ta ce, "Malam, ka ci goro. Wanke hannunka."

Mutane sunka zuba ido. Ya dube ta, ya dubi yatsunsa. Ya miƙe ya tahi wurin buta, ya wanke har gwiwar hannu, ya goge, ya dawo ya tsuguna. Ya ce, "In taɓa, ɗiyar Liman?"

Ta ce, "Taɓa."

Darasi: Kada ka raina mai kula da abu don bai iya faɗin sunansa da harshenka ba. Wanda ya yi shekaru yana tattalin abu ya san shi ta hanyar da mai ciniki bai sani ba. Kuma abin da iyaye sunka bari ba a yanka shi don kowa ya samu ƙyalle, ba a kuma saida shi don yunwar shekara guda. Ku kai wanga labari ga 'yan'uwanku da ke birni, ku gaya wa duk wanda ke da tsohuwar gafaka a gidansu.

To, ya isa. Munkaila, kai kwanukan nan ciki. Lauratu, rufe kajin. Kowa ya wuce shimfiɗarsa, kada in ƙara jin bakin kowa.