Wanda Ya Datse Rafi Ya Je Roƙon Ruwa

An yi wani mutum, manomin rani. Gonarsa da gidansa suna can saman rafi, inda ruwa ke fara bi kafin ya gangaro wa sauran jama'a. Kowane buhunsa sai ya ja masa layi uku da jan fenti, don kada a yi masa musanya a kasuwa. Ku riƙe wannan, 'ya'yana.

Wata shekara damina ta yi jinkiri, rafi ya koma kamar zare. Liman ya tara manoma bayan sallah, aka yi alkawari kowa da ranarsa ta ban ruwa, aka shafa fatiha. Mutumin nan ya fi kowa ƙarfin amin.

Yana komawa ya cika buhuna da yashi, ya datse rafin a cikin duhuwar ciyawa, bayan shingensa. Tumatirinsa ya yi shar, shukar na ƙasa kuwa ta fara ƙonewa.

Matar marigayi wansa, mai 'yar gonar albasa, ta hauro ta same shi.

"Haba ƙanina, yau kwana tara ko ɗigo ban gani ba. Marayun wanka da albasar nan suke ci."

Ya ce, "Yaya, ni na riƙe hadarin? Rafi ne ya ƙafe."

Ranar da aka fita roƙon ruwa, wa za a gani a sahun gaba? Shi! Yana kuka har da majina. Innalillahi! Ka ɓoye ruwan marayu, ka zo kana roƙon Mai ruwa?

Allah kuwa ya amsa. Da la'asar hadari ya haɗo, aka kece da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ruwa ya gangaro ya tarar an toshe masa hanya. To, shi ruwa yana jiran a yi masa iso ne? Ya juya cikin gonar mutumin, ya share tumatir, ya ɗauke injin ban ruwa, ya ci katanga, ya kwantar da rumbu. Iyalinsa ta taga aka zaro su. Sai da ya gama da shi kaf, sannan datsiyar ta ɓalle.

Da safe jama'a suka fito za su yi masa jaje. Sai ga buhunan yashin datsiyar a warwatse a bakin rafi, har gindin masallaci, kowanne da jan layi uku. Aka yi cirko-cirko.

Matar wan nasa ta ɗauki ɗaya, ta kakkaɓe, ta miƙa masa.

"Ƙanina, ga kayanka."

Bai sake iya haɗa ido da kowa a garin ba.

Ya 'yan uwa, ruwa amana ne. Wanda ke sama da rafi ba shi ya yi rafin ba, gabansa kawai aka fara biyo da shi. In ka tare rabon na ƙasa da kai, a ƙofarka zai taru, ranar da zai tashi kuma da kai zai fara.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyaye mu da cin hakkin maƙwabci. Amin.