Sunan da Tabawa Ta Kasa Faɗa a Tashar Jirgi

Ku gyara zama, ga wata nan tafe gare ku. Ba ta dariya ba ce, kuma in na kai ƙarshe ku ne za ku yanke hukunci, don ni har yau ban iya ba.

A Ƙaura Namoda, can inda layin dogo ya ƙare, an yi wani mutum ana ce masa Malam Sallau. Shekara talatin da biyar ya yi yana ɗaga wa jirgin ƙasa tuta, yana sallamar mutane zuwa garuruwan da shi bai taɓa gani ba. Matarsa Tabawa mace ce irin ta da. Shekara arba'in da ɗaya suna tare, bakinta bai taɓa furta sunansa ba. A gabansa "Malam" take cewa, a bayan idonsa "maigidan". Ko Sallah ta zo ba ta cewa Sallah, sai dai ta ce Idi, don kalmar ta yi kusa da sunan. Malam Sallau kuwa yana jin daɗin haka ƙwarai. A majalisa yakan ce, "Ku dai ku yi ta fama da matan zamani. Ni tawa ko wuta ta kama rigata, sai dai ta ce, Malam, ana ƙauri."

Da ya ajiye aiki, ɗansu na fari, Lurwanu, wanda Allah ya buɗa wa, ya tambaye shi abin da yake so a duniya. Ya ce shi dai ya hau jiragen ƙasa na sauran al'ummai kafin ya mutu. Lurwanu ya shirya musu tafiya ta wata huɗu, ƙasa bayan ƙasa. Tabawa ba a tambaye ta ba. Ta ƙulle yaji da daddawa a tsumma, ta bi mijinta.

Sun ga duniya, wannan ba ƙarya. A Masar jirgi ya bi da su gefen kogi yini guda, dabino na wucewa ta taga. A Maroko aka ba su shayi mai na'ana'a, mai zubawa ya ɗaga buta sama har Tabawa ta janye ƙafarta. A Indiya ta ga mutane sun cika tarago har ƙofa, ta kuma sami barkonon da ya sa ta hawaye, ta ce su waɗannan sun san miya. A ƙasar Sin suka shiga wani jirgi da ke gudu kamar iska, Malam Sallau ya ajiye kofin ruwa a bakin taga, ko ɗigo bai zube ba. Ya tuna tsohon jirginsa mai tari da hayaƙi. A Turkiyya kyanwoyi ne kwance a harabar masallaci ba mai korarsu.

Amma a duk wannan tafiya shi jirgi yake kallo, ita kuwa ƙeyarsa take kallo. Fasfo, tikiti, waya, takardar masauki, duk suna wurinsa. In ta ce ya ba ta ko ɗaya ta riƙe, sai ya ce, "Ke da ko baƙi ba ki sani ba? Ki dai bi ni." Ta ga tsofaffin mata a kasuwannin ƙasashen nan suna ƙwala wa mazajensu kira da suna kamar masu kiran akuya, ta riƙa sunkuyar da kai tana jin kunya a madadinsu.

A ƙasa ta bakwai abin ya faru. Ƙasa ce ta sanyi da dusar ƙanƙara, ba zan faɗi sunanta ba don kada a ce na yi wa mutanenta sharri. Da hantsi suna wata babbar tasha, jirgi ya tsaya. Malam Sallau ya kwashi akwatuna ya ce, "Tsaya nan jikin ginshiƙin nan, kada ki motsa. Bari in nemo mana kujera in dawo." Ya shiga tarago. Shi a saninsa jirgi ba ya tashi sai an hura usur an ɗaga tuta. Wannan kuwa ba usur ba tuta. Ƙofa ta rufe kanta. Tabawa ta hango shi ta gilashi yana dukan ƙofa da tafin hannu, bakinsa na motsi, jirgi ya tafi da shi.

Ta tsaya jikin ginshiƙi. Da azahar ma'aikatan tasha suka lura da ita. Da nuni da hannu da zoben yatsa suka gane miji ta ɓatar, suka kai ta ɗakin da ake yin sanarwa, suka nuna mata lasifika, suka nemi suna. Sunan ya taso mata har maƙogwaro. Sai ta hango a zuciyarta Malam ya sauko daga jirgi na gaba, ya ji ana yayata sunansa a sama cikin dubban mutane, ya kuma san daga bakinta ya fito. Ta haɗiye shi. Ta ce, "Maigida." Aka yi ta kiran Mista Maigida sau uku, ba wanda ya zo. Ta koma jikin ginshiƙi.

Na farkon mutane ukun da zan ba ku labarinsu shi ne Nadir, wani dattijo ɗan gudun hijira daga Afganistan, mai sayar da shayi da burodi a ɗan shago kusa da ginshiƙin. Ya ga tsohuwa tsaye tun hantsi har la'asar, da mayafi ɗaya da takalmi buɗaɗɗe, leɓɓanta sun yi fari. Ya kai mata shayi, hannunta ya kasa riƙe kofin. Ya san da yamma jami'ai kan zo su kwashe duk wanda ba shi da takarda zuwa wani sansani mai nisa, inda mutum kan yi watanni ba a san inda yake ba. Shi kansa zamansa a ƙasar bai gama daidaituwa ba, kuma ɓoye irinta laifi ne. Duk da haka ya cire rigar sanyinsa ya lulluɓa mata, ya zaunar da ita bayan kanta, ya ɗora mata tiren kofuna a cinya kamar mai aikinsa. Jami'ai suka wuce. Ya kai ta gida wurin matarsa, suka gasa mata ƙafafu da ruwan ɗumi. Ba su jin maganarta, ba ta jin tasu. Da gari ya waye ta nufi ƙofa tana kuka, sai ya gane, ya mayar da ita jikin ginshiƙin nan. Haka ya yi kwana uku. Duk baƙar fatar da ya gani a tasha sai ya bar shagonsa ya jawo shi ya saurare ta. Ya kawo Basomale, ya kawo mutumin Kongo, ya kawo na Senegal, kowa ya girgiza kai ya wuce.

Na biyu Tabawa ba ta san da shi ba sai daga baya. Ashe Malam Sallau da ya ga jirgi ya raba shi da ita, zuciyarsa ce ta buga, ya faɗi tsakanin kujeru. Aka sauke shi a wani ƙaramin gari mai tafiyar awa huɗu, aka kai shi asibiti. Fasfonsa yana aljihun ƙirji, nata kuwa yana cikin akwati, jirgi ya wuce da akwatin. Wani nas, Kirista ɗan Habasha mai suna Yohannes, wato Yahaya a bakinmu, shi aka ba jinyarsa. A rana ta biyu zuciyar ta tsaya cak. Likitoci suka yi abin da za su yi, babbansu ya dubi agogo ya ce a bari. Yohannes bai bari ba. Yana canza wa tsohon riga ya ga tikiti biyu a aljihu, ya san akwai wani can yana jira. Ya ci gaba da danna ƙirjin har gumi ya jiƙa shi, har aka daka masa tsawa, har zuciyar ta dawo. Lokacin tashinsa ya yi ya ƙi tafiya gida. Ya rubuta sunan a takarda ya manna a teburin masu amsa waya, ya ce duk wanda ya kira yana neman wannan suna, a nemo shi ko ina yake.

Na uku shi ne Munzali, mutumin Maraɗi, direban tasi, wanda Nadir ya jawo a rana ta uku da safe. Yana zuwa ya ji tsohuwa tana cewa, "Wayyo ni Tabawa." Ya durƙusa ya ce, "Inna, sannu." Ta riƙe hannun rigarsa da hannu biyu kamar za ta yaga. Da ta ba shi labari, ya ce, "To Inna, mene ne sunan Baba? In na samu, asibiti da ofishin 'yan sanda duk zan bincika."

Ta ja mayafi ta rufe baki.

"Inna, nan fa ba Ƙaura ba ne. Ba wanda zai ji sai ni da wannan mai shayin, shi kuwa ko sannu bai sani ba."

"Ɗan nan, shekara arba'in da ɗaya."

"To sunan ɗanku, in neme shi a waya."

"Na fari ne."

Munzali ya dafe kai. "La ilaha illallahu! Kwana uku kina tsaye cikin ƙanƙara saboda wannan?" Da wani ne da ya tafi, don fasinja na jiransa a waje. Amma kakarsa ce ta rene shi, ya san irin waɗannan tsofaffi ba a fasa su, sai dai a zagaya. Ya zauna a ƙasa gabanta.

"Sunan wani annabi ne?"

"A'a."

"Na sahabi?"

"A'a."

"Sunan rana ne? Wace rana aka haife shi?"

Ta ce, "Ranar da ake yanka rago."

"Sallau!"

Tabawa ta juya fuskarta ga ginshiƙi. Munzali ya bi asibitocin da ke kan layin jirgin ɗaya bayan ɗaya a waya, a na tara aka ce akwai takarda manne da wannan suna. Tasin ba tasa ba ce, ya san mai ita zai ƙwace motar in ya fita gari da ita, hanya kuma ta rufe da dusar ƙanƙara. Duk da haka ya sa Tabawa a baya ya kama hanya.

Sun iske shi da rai, ana gab da azahar. Ya buɗe ido ya daɗe yana kallonta.

"Na ce ki tsaya. Kin tsaya?"

"Na tsaya, Malam."

Munzali ya ba shi labarin lasifika da Mista Maigida. Yohannes ya faɗa ta bakin Munzali cewa da an same ta ranar farko, da ta sa hannu an yi masa aikin da likitoci suka ƙi yi ba da izinin dangi ba, yanzu kuwa jikin ba zai ɗauka ba. Tabawa ta ji wannan da kunnenta. Ba ta yi kuka ba, ta dai zauna a ƙasa. Malam Sallau ya ce, "Ni na yi ta yabonki a kan abin nan a gaban mutane. Ni na ƙulle miki baki, na kuma tafi da takardarki."

Ya huta, sannan ya ce, "Matar babban yaronmu ta kusa sauka. In namiji ne za su ce a mayar da sunana. Kada ki yarda. Sunan nan ya ishe ki wahala. A sa masa sunan wanda ya sada mu, wanda za ki iya kira da ƙarfi a tsakar gida."

Ta buɗe baki za ta tambaye shi wanne daga cikin ukun, Yohannes ya ɗaga mata hannu don numfashinsa ya sauya. Kafin la'asar ya cika. A can aka binne shi, a wani lungun maƙabarta da aka ware wa baƙi, ƙasar ta daskare har sai da aka kawo inji ya haƙa. Mutum huɗu suka yi masa salla, Yohannes yana tsaye daga baya riƙe da hularsa. Ƙasashe biyun da suka rage a tafiyar ba a je su ba. Lurwanu ya zo ya ɗauki uwarsa, ta sauka Ƙaura da ƙullin yajinta, rabinsa ko taɓawa ba a yi ba.

Tana cikin takaba aka haifi yaro namiji. Ana gobe suna dangi suka taru a zaure, Lurwanu ya aika ciki a tambayo Inna. Ta aiko da wasiyyar da sunaye uku, ta ce ita ta kasa zaɓa.

Nan gardama ta kaure. Ƙanen marigayi ya ce Nadir, domin da bai lulluɓe ta ya ɓoye ta ba, da sanyi ya kashe ta ko an kulle ta a sansani, ba wanda Munzali zai tarar a jikin ginshiƙi. Lurwanu ya ce Yahaya, domin da bai ƙi bin umarnin likita ba, da gawa za a je a tarar, ko ma a binne ba wanda ya sani, kuma ba za a ji wata wasiyya ba. Limamin unguwa ya ce Munzali, domin mai shayi ya tsare mata, nas ya tsare miji, amma da kowa ya ci gaba da tsaron nasa har tsohon ya mutu, in ba don wanda ya san yadda ake ciro suna daga bakin da ba ya faɗa ba. Har aka kira magariba ba su daidaita ba. Tabawa tana ɗaki da jariri a cinya, tana jiyo su, rago na ɗaure a tsakar gida.

To, jama'a, gobe da sassafe liman zai raɗa wa yaro suna, kuma ɗaya tak za a raɗa. Tsakanin Nadir da Yahaya da Munzali, wane ne ya sada Tabawa da mijinta, har ya cancanci ta yi sauran kwanakinta tana kiran sunansa?