Hasumiya Huɗu da Tsinkayen Yaya

Ƙawata, gyara zama ki ji wani abu da ya daɗe yana ci mini rai. Akwai wata mata mai sana'ar kek da 'yan unguwa ke kira Gwana. Sunan bai faɗi ƙasa banza ba, domin Allah Ya ba ta hannu. Idan ta zana fure da kirim a kan kek, sai ka ji kamar ka sunsuna. Aibinta ɗaya ne: tun da yabo ya fara shiga kunnenta, gyara ya daina shiga.

Yayarta ce ta koya mata sana'ar, tun daga fasa ƙwai. Ita Yaya ba ta da ƙawa a aiki, amma duk kek ɗin da zai yi tsayi sai ta soka masa tsinken katako daga sama har ya taɓa faifan da ke ƙasa. Gwana kuwa ta mai da wannan abin dariya. A gaban mutane take kiran yayarta kafinta.

"Ni nawa daga sama har ƙasa ci ake yi," in ji ta. "Ba a tsintar itace a kek ɗina."

Gaskiya ta faɗa, sai dai duk kek ɗin da ta taɓa yi mai faɗi ne, gajere. Ba ta taɓa gina mai tsayi ba.

Ana nan sai autar Yaya, yarinya 'yar shekara bakwai, ta faɗo daga bene ta karye a ƙugu. Wata uku tana kwance a ɗakin yara na asibiti, uwar tana jinya a kan tabarma gefen gado. Su huɗu ne 'yan mata a ɗakin, har sun zama kamar 'yan gida ɗaya. Da likita ya ce za a sallami Auta ranar Asabar, sai ta zana gidan sarauta irin na littafin yara, mai hasumiya huɗu, kowacce da tuta a kanta. Ta ce kek take so mai wannan siffa, a ci a ɗakin kafin ta tafi.

Da Gwana ta je dubiya, Auta ta miƙa mata takardar.

"Anti, kin ga, kowa da hasumiyarta. Ja tawa ce. Wannan mai ruwan ɗorawa ta 'Yar Ƙarama ce." Ta nuna wata siririyar yarinya a gadon bakin taga. "Ita ma ranar Asabar za a mai da ita wani asibiti mai nisa. Ba ta taɓa cin kek ba. Na yi mata alkawari."

"An gama, 'yata," in ji Gwana. "Har da ƙofa da tagogi."

Yaya ta raka ta bakin ƙofa, ta zaro wani ƙunshi daga jakarta. Tsinkaye huɗu ne dogaye, an fiƙe bakinsu, an ɗaure da zare.

"Da ina gida da ni zan yi. Ki saurare ni. Ki daidaita saman kowane yanki da wuƙa kafin ki ɗora wani. Kirim kaɗan a tsakani. Ki soka tsinke har ƙasa, ki sa a firij ya ɗaure. Kada ki kafa hasumiyoyin a gida, ki kawo su a kwali daban, mu kafa a nan."

"Kai, Yaya! Har a asibiti ba a bar kafintanci ba?"

"Ki yi dariyarki, amma ki sa. Don Allah."

Gwana ta jefa ƙunshin cikin jakar hannunta don kada a ja magana.

Ranar Juma'a ta gasa babban kek na gindi, ta gasa ƙanana guda goma sha biyu a gwangwanayen madara, uku uku ga kowace hasumiya. Ranar Asabar bayan sallar asuba ta hau gini. Ta tuna tsinkayen sarai, har ta dubi jakar a rataye jikin ƙofa. Amma sai ta hango lokacin yanka kek, wuƙa ta ci karo da katako, Yaya ta yi mata wannan murmushin nata. Ta kawar da kai. Ta lafta kirim mai kauri tsakanin yankunan, ta ce shi zai riƙe. Ba ta tsaya daidaita samansu ba, inda ya karkace ta cike da kirim. Kuma ta kafa duka huɗun a gida, don tana son ta ɗauki hoto a kan teburinta mai kyau, ba kan teburin asibiti ba.

Ya yi kyau, ƙawata, ba zan rage mata ba. Mijinta ya shigo da makullin mota, ya yi salati, ya zagaya teburin, sannan ya karkata kai.

"Gwana, wannan ta bayan kamar tana shirin yin ruku'u."

"Idonka ne ya karkace. Kai dai tuƙi ka iya, ka tsaya a kai."

"To, Allah Ya ba mu haƙuri. A sa shi a firij ko na rabin awa?"

"Mun makara. Ɗauki can."

Ta rungume faifan a cinya. Rana ta ɗaga, suka faɗa cunkoson motoci, motar ta ɗau zafi. Tana kallo kirim ya fara sheƙi kamar mai gumi. Duk ramin da suka faɗa sai tutocin su yi rawa. Ta tokare hasumiya ɗaya da ɗan yatsa, sai wata ta soma jirkicewa. Jakar tana nan a gefen ƙafarta, amma ta ce a ranta an kusa, kuma yanzu in ta soka tsinke zai ɓata adon.

Suka isa duka huɗun na tsaye. Ta yi ajiyar zuciya, har girman kanta ya dawo. Da suka shiga ɗakin, yaran suka sa ihu. Mai filasta a hannu tana buga gado da ɗayan hannun. 'Yar Ƙarama, an riga an sa mata kayan tafiya, ta miƙe zaune tana zare ido.

"Yaya, kafinta, zo ki ga aikin magina," in ji Gwana, ta ɗora faifan a kan teburin nan mai taya da ake ba marasa lafiya abinci a kai.

Auta ta ce a matso da shi wurin 'Yar Ƙarama ta fara gani. Nas ta tura teburin a hankali. Taya ɗaya ta ɗan ci tuntuɓe da tsagar daɓe. Iyakar abin ke nan. Hasumiyar baya ta zame daga kan kirim ɗinta, ta bugi ta kusa da ita, su biyun suka kifa ƙasa. Ta uku ta faɗa kan zanen gado. Ta huɗu ta tsaya kamar mai shawara, sannan ta durƙushe ta danne ƙofar gidan.

Nas ta ce abin da ya taɓa ƙasan asibiti ba mai ci, ta tafi ɗauko tsintsiya.

"Wacce ce tawa?" in ji 'Yar Ƙarama.

Auta ta nuna ƙarƙashin gado, inda tuta mai ruwan ɗorawa ke kwance cikin kirim.

Yaya ta durƙusa tana laluben tarkacen da yatsa, tana neman abin da ta san ya kamata ta samu. Gwana kuwa ta buɗe jaka don ta zaro hankici ta goge gadon. Ƙunshin ya biyo hankicin ya faɗo ƙasa, zaren ma ba a kwance ba. Yaya ta ɗauka, ta dube shi, ta dubi ƙanwarta. Ba ta ɗaga murya ba.

"Ni kika ƙi ji, na sani. To ita yarinyar me ta yi miki?"

Aka yanka abin da ya rage na gindi aka raba. 'Yar Ƙarama ta ci loma biyu ta yi godiya. Da aka zo tafiya da ita a keken marasa lafiya, sai ta roƙi a ba ta tutar. Auta ta goge mata ita da gefen rigarta.

Bayan kwana shida Gwana ta sake gina wani, ta bi maganar Yaya tiryan-tiryan, ta kai gidan Yaya. Hasumiyoyin suka tsaya ƙyam, ko girgiza teburin aka yi ba sa motsi. Auta ta dube shi daga kan kujerarta.

"Ya yi kyau, Anti. Na gode. Amma ai su ba sa nan."

Har yau ba wanda ya san asibitin da aka kai 'Yar Ƙarama. Gwana ta tambaya har ta gaji.

Darasin da ke ciki, ƙawata, shi ne abin da ke riƙe aiki sau da yawa ba ya ganuwa, kuma ba shi ake yabo ba. Wanda ya raina shi don kare girmansa, ba shi kaɗai yake shan wahalar faɗuwar ba, wani marar laifi ne ke fara ɗanɗanawa. Idan wanda ya riga ki a sana'a ya miƙo miki gyara, ki karɓa ko da bai iya adon da kika iya ba, domin akwai ranar da ba a maimaita ta. Allah Ya raba mu da girman kai. Na faɗa miki ne don ki amfana, amma matar tana nan da ranta, kuma abin bai bar ta ba. Don Allah ki bar shi tsakaninmu, kada kowa ya ji.