Gonar Jatau da Kakan Hakimi

Tun da aka kafa duniya, in ji Jatau, ba a taɓa zaluntar kyakkyawan mutum kamarsa ba. Hakimi ya hana baƙi mallakar ƙasa saboda tsaro, ya ce Jatau ɗan ƙetare ne.

"Kawo wanda ya ga haihuwarka a garin nan, ko ka bar gonar."

"Ranka ya daɗe, ungozomata tana maƙabarta, gefen kakanka da ya zo daga Agadas. Shi ma baƙo ne, shekara arba'in yana riƙe da ƙasarmu. A tono su tare?"

Hakimi ya yi tari. "Je ka noma gonarka."

Jatau ya gyara hula. Gaskiya dai, shi ya shekara goma yana cika wa 'yan kasuwa baki cewa haifaffen Makka ne.