Tattabarun Abu Salim da Farantan Sola

Ummu Rakan, mai sayar mini da man zaitun, ita ta fara ba ni labarin nan. A benensu abin ya faru, nan garin Zarka.

Akwai wani tsoho, Abu Salim, da ke kiwon tattabaru a saman benen tun matarsa na da rai. Da ta rasu, su ne abokan hirarsa.

Sai mutanen gidan suka haɗu suka sa farantan sola, irin masu ba da wuta da ruwan zafi gaba ɗaya. Fawwaz na hawa na biyu shi ya jagoranci aikin, daga nan ya ɗauka saman benen gadon ubansa ne.

To kun san tattabara da kashi. Faranti ya ɓaci, wuta ta rage.

"Baffa, ko ka kwashe tsuntsayen nan ko in kwashe maka," in ji Fawwaz.

"Ɗana, zan riƙa wanke farantan kullum. Ka bar mini su."

Kuma yana wankewa. Amma Fawwaz ba tsabta yake nema ba, so yake a ji maganarsa.

Ran wata Juma'a, tsakiyar zafi, tun da safe ya kashe babban makunni, wai don kada wuta ta ja shi in ya hau. Bai yi tunanin injin da ke zagaya da ruwa ma ya tsaya ba. Ruwa ya kwanta cikin bututu, rana na dafa shi.

Ana saukowa daga masallaci ya hau da rodi a hannu.

Ya farfasa ɗakin tattabarun. Wadda ya kama sai ya murɗe mata wuya ya yar. Gashi ko'ina, jini ko'ina. Tsoho ya riƙe masa riga yana cewa, "Don girman Allah, Fawwaz!" Ya juyo ya sheme masa rodi a hannu, ƙashin ya ce ƙas. Ya ƙara masa a goshi.

Sauran tsuntsayen suka shige ƙarƙashin farantan. Fawwaz ya durƙusa yana zungura.

"Kada ka buga nan!" in ji tsoho daga inda ya faɗi. "Bututun na huci!"

"Na kashe wuta, tsohon banza."

"Ka kashe rana ne?"

Ya buga. Bututu ya fashe, tafasasshen ruwa ya feshe masa fuska da ƙirji. Ihun da ya yi, Ummu Rakan ta ce har a kicin ɗinta ta ji. Ya rufe ido da hannu yana tangaɗi, ya nufi bakin bene bai sani ba.

Abu Salim, da karyayyen hannu, jini na shiga masa ido, ya ja jiki ya cafke ƙafarsa da ɗayan hannun. Suka zube tare. Bai sake shi ba sai da maƙwabta suka hauro.

A asibiti ɗan sanda ya tambayi tsoho wa ya fasa masa kai.

"Santsi ne ya kwashe ni, ranka ya daɗe."

Ɗan sandan ya yi dariya. "Santsi mai rodi? Shi ya sa tun kakanni ba a karɓar shaidar masu tattabaru. Kun saba rantsuwa a kan tsuntsun da ba naku ba."

"To ka rubuta maƙaryaci ne ya faɗa. Yaron nan yana da 'ya'ya ƙanana."

Fawwaz na gadon kusa, fuska a naɗe, yana ji. Kuka ya kama yi, ga shi idon ba ya son hawaye.

Ido ɗaya bai dawo ba. Da aka sallame shi, shi da kansa ya hau da katako ya gina wa tattabarun sabon ɗaki a can kusurwa, ya zagaye farantan da raga. Tattabaru kaɗan suka rage, amma suna nan.

Ni dai washegarin ranar da na ji labarin na sayi alkama, na je benen, na hau da wannan gwiwar tawa ina nishi, na kai wa tsuntsayen.

Darasi: 'Ya'yana, fushi ba ya jin gargaɗi, kuma wanda ka daka yau yana iya zama shi kaɗai ne kusa da kai lokacin da za ka faɗi. Ku tura wa duk mai saurin hannu da kuka sani.