Kafintan Da Ya Yi Ta Gyaran Ɗaki

Akwai wani kafinta da ake ce wa Dogo, shagonsa a ƙofar gidansa yake. Daga kicin matarsa tana jin ƙarar zartonsa, shi ma daga shago yana jin ta tana faɗa da yara. Aurensu ya daɗe, 'yan matansu sun fara tasowa, amma har lokacin in ya shigo shan ruwa sai ya tsokane ta, ta biyo shi da ludayi.

Wata rana tana wanka ta ji wasu ƙananan tsiro a gabanta. Ba zafi, sai ɗan ƙaiƙayi. Ta ce za su tafi da kansu. Ba su tafi ba, sai ma suka ƙaru suka cure wuri guda.

Tsoro ya kama ta. In ta faɗa wa maigidan, ko zai ce daga ina ta kwaso? Ita ta san ba ta taɓa sanin wani namiji ba sai shi. To ke nan shi ne ya yi waje? Wannan tambayar ta fi yi mata ciwo, don ba ta son jin amsarta.

Sai ta naɗe tabarma ta koma ɗakin yara.

"Maman yara, lafiya?" Dogo ya tambaye ta.

"Gadon nan ƙara yake, ba ya barina barci."

Washegari ya kwance gadon kaf, ya sake ɗaure shi. Ta ce ai zafin ɗakin ne. Ya fasa bango ya kafa taga. Ta ce warin fentin jikinsa ke hawa mata kai. Bawan Allah ya koma yin wanka a shago kafin ya shigo gidansa.

Ita kuwa kewarsa na cin ta. Takan ajiye masa abinci ta koma bayan ƙofa, don kawai ta ji motsin cokalinsa. In ta ɗauki rigarsa za ta wanke, sai ta daɗe riƙe da ita kafin ta tsoma a ruwa. Tsokanar nan ma ya daina. A sujada kaɗai take faɗin abin da ke damunta.

Ana haka wata mai tallan magani gida-gida ta ba ta wani ruwa a kwalbar da ba suna, ta ce shafa ɗaya ya isa. Ta shafa. Ruwan ya ƙone ta har tafiya ta gagara, tsiron kuma yana nan. Ta ce wa kowa ciwon baya ne.

Ran nan da hantsi Dogo ya shigo ɗauke da kujera mai laushi da ya haɗa mata saboda bayan. Ya ajiye, ya tsaya yana kallon ƙasa.

"Na gyara gado, na sa taga, na koma wanka a shago," ya ce. "Abin da ya rage ni ne, ni kuwa ban san yadda ake gyara ni ba. In kin gaji da ni ne, ki faɗa. Zan kai ki gida ki huta, ba zan riƙe ki ba."

Nan ta fashe da kuka, ta faɗa masa komai, har zargin da ta yi masa a zuci.

Da ta gama, sai ya ce, "Ɗauko mayafinki."

A asibiti likita mace ce ta duba ta. Ta ce tsiron daga wata ƙwayar cuta ne da ake kira HPV, wadda aka fi ɗauka wajen saduwa, kuma mutane da yawa na ɗauke da ita ba su sani ba, don takan kwanta a jiki shekara da shekaru babu alama.

"Likita, kafin ita na taɓa aure," Dogo ya ce.

"Mai yiwuwa daga nan ne, mai yiwuwa ba haka ba. Ba wanda zai iya gaya muku. Ku bar neman mai laifi, mu nemi lafiya."

Ta ce sai ƙunar ta warke tukuna. Bayan nan akwai man shafawa da likita ke rubutawa, akwai ruwan maganin da ake ɗigawa a asibiti, akwai daskarar da tsiron da sanyi, akwai ƙonawa da na'ura, in ya yi girma a yanke. Ta ce tsiron na iya dawowa a sake cirewa, kada hankalinsu ya tashi. Ta sa a duba Dogo shi ma, ta ce matar ta yi gwajin bakin mahaifa, 'yan matansu kuma a kawo su allurar rigakafi.

Da ƙunar ta warke aka fara daskarar da tsiron. Kowane zuwa Dogo kan rufe shago ya zauna a benci yana jira.

Ranar farko da aka yi mata, da za su koma gida ta kasa zama a babur ɗinsa. Sai ya sauko ya riƙa tura shi, suka tako a hankali.

"Baban yara, wai duk lokacin nan ba ka yi fushi da ni ba?"

"Na yi mana. Ki je ki tambayi katakon shago."

Ta yi dariya har ta dafe ciki. Daga nan ta kama ba shi labarin duk abin da ta tara ba ta faɗa masa ba, na yara, na maƙwabta, har da na akuyar da ta cinye mata shanya. Da suka hango gida labarin bai ƙare ba, sai Dogo ya karya kwana ya bi doguwar hanya.

Darasi: Ciwon da ke wurin da ake jin kunya shi ma ciwo ne, kuma Allah ya saukar masa da magani. 'Yar'uwa, kada ki shafa abin da ba ki sani ba, ki je asibiti. Kada ku yanke wa juna hukunci a zuci ku yi shiru, ku zauna ku yi magana. Maigida, ka yi haƙuri irin na Dogo. Ku tura wa wasu, wataƙila akwai wadda ke bayan ƙofa tana kewar mijinta.