Tunkiyar da Mai Ita Ya Ce Bai Sani Ba

A wani ƙauye akwai wani manomi mai tunkiya guda, fara mai baƙin kunne. Uwarta ta mutu tun tana ƙarama, shi ya rene ta da hannunsa.

Da damina ta sauka, mutanen ƙauyen suka sa doka kowa ya ɗaure dabbarsa a turke sai bayan girbi. Wadda aka kama cikin shuka za a ɗaure ta a ƙofar mai unguwa kwana uku. In mai ita ya zo ya ba da haƙuri a gaban jama'a, sai ya tafi da abarsa. In bai zo ba, ta zama ta mai gonar. Manomin nan ya fi kowa ɗaga murya ran nan, har ya ce mai sakin dabba da damina ɓarawo ne.

Ba a daɗe ba tunkiyar ta haifi ɗan rago. Wata safiya manomin yana sauri bai ƙulle igiyar da kyau ba. Tunkiyar ta kwance, ta shiga gonar waken wata tsohuwa, aka kama ta.

Da la'asar ya zo wucewa ta ƙofar mai unguwa. Tunkiyar ta gan shi, ta ja igiya tana kuka.

Mai unguwa ya ce, "Baban Ishaku, wannan ba taka ba ce?"

Ya ce, "Ranka ya daɗe, tawa tana gida."

Wani ya yi dariya ya ce, "To ita dai ta san ka. Ji gaisuwa, kamar ta ga kawunta!"

Ya ce, "Ban san ta ba. Farar tunkiya ai ta cika gari."

Da ya isa gida matarsa ta ce, "Maigida, ɗan ragon nan tun safe bai sha nono ba. Ka je ka ce taka ce."

Ya ce, "Da wane ido zan dubi mutane? Dama masa koko."

Ta dama, ɗan ragon ya kau da kai. Kashegari ya kasa tsayuwa. Rana ta uku manomin ya kama hanyar ƙofar mai unguwa, ya hangi taron mutane, ya juyo. Da kwanakin suka cika, tsohuwar ta kai tunkiyar kasuwa. A ranar ɗan ragon ya mutu a gindin turke.

Ga ma'anar misalin nan. Manomin mu ne. Laifinsa na fari ƙarami ne, igiya ce kawai bai ƙulle ba, ban haƙuri kuma da ya wanke shi. Amma ya yi musun gaskiya, ya yi musun abin da ya rena, ya kuma hana marar laifi abincinsa. Kansa ne kaɗai ya ƙi ya musunta.

'Yan'uwa, haka muke yi sa'ad da ɗanmu ko 'yar'uwarmu ta faɗi cikin abin kunya, mu ce babu ruwanmu. Haka muke wa Ubangiji a inda ambaton sunansa zai jawo mana ba'a, shi da bai ji kunyar ce da mu nasa ba. Wataƙila akwai wanda yake jira yau ka tsaya a gaban mutane ka ce, "Nawa ne." Ka tafi tun yana nan, gama akwai ranar da za ka je da kalmar a bakinka, ka tarar ba wanda za ka faɗa wa.